Ma'anar kalmar "horo", da abin da ya raba ta da bita

Tun daga shirin noma na gwamnatin Ghana mai suna Planting for Food and Jobs na 2017 har zuwa Feed Ghana da aka ƙaddamar a Techiman a 2025, kalma ɗaya ta cika mana kunne: horo. Ka kunna rediyo da safe a unguwar Aboabo ko Asawase a nan Kumasi, sai ka ji an horar da matasa kan noman zamani, an ba mata horo kan kiwon kaji. In ka bi diddigi, sau da yawa kwana uku aka yi a zaure, aka raba takardar shaida, aka ɗauki hoto. Wannan abu yana da sunansa a Hausa. Bita ke nan. Raina na ɓaci duk lokacin da mai karanta labarai ya cuɗa su wuri ɗaya.

Bita daga "bi" ta fito, wato ka sake bin hanyar da ka taɓa takawa, kamar yadda almajiri ke bitar karatun jiya. Ga wanda ya riga ya iya, amfaninta babba ne. Manomin masara a Ejura da ya shekara ashirin yana huɗa, in aka zaunar da shi wuni guda aka nuna masa yadda zai gane tsutsar nan da ta addabi gonaki a 2017, ya ƙaru ƙwarai, don akwai tushen da za a ɗora a kai.

Horo kuwa dubi inda Bahaushe ke ajiye shi. Doki ake horarwa kafin a hau. Sa ake horarwa kafin ya yarda da garma, ya yi ta karkacewa ana maido shi kan kunya. Alƙali yana yanke ɗauri da horo mai tsanani. Malamai suna wa'azin horo da alheri da hani ga mummuna. Duk inda ka ji kalmar akwai daɗewa, akwai wuya, akwai kuma wani tsaye a kanka yana cewa ba haka ba, sake.

Kawuna ya yi shekaru yana kula da gonar koko a ƙasar Asante bisa tsarin abusa, inda ake kasa amfanin gona uku, mai kula ya ɗauki kashi ɗaya. Kokon cakulan nake nufi, ba na safe da ƙosai ba. Da ya zo daga arewa gero da dawa ya sani, sai aka haɗa shi da wani dattijo. Kawun nawa ya ce fasa 'ya'yan koko da adda ba tare da yanke ƙwayar ciki ba, wannan ma sai da hannunsa ya sha yanka. Babban karatun kuwa yana wajen tsima ƙwayar. Ana tara ta jiƙe a kan ganyen ayaba, a lulluɓe, a bar ta kamar kwana shida ana juyawa, sannan a baza a rana bisa tabarma. Wannan bayanin kowa zai haddace shi cikin minti ɗaya. Amma sanin cewa tarin ya yi zafin da ya kamata ta hanyar cusa hannu, da jin warin da ke nuna ya kai, da gane cewa sanyin damina zai sa a ƙara kwana, wannan sai kaka ta zagayo an ɓata wani tarin, an sha faɗa, an gyara. In aka gaggauta, a tsaga ƙwayar a ga cikinta bai yi ja-ja irin na cakulan ba, darajar buhun ta faɗi. Itacen ma kansa sai ya kai shekara uku ko fiye kafin ya fara 'ya'ya. Ta yaya mai kula da shi zai nuna cikin kwana uku?

Ba makaranta nake kushewa ba. Kwalejin aikin gona ta Kwadaso, nan cikin Kumasi, tun 1922 take yaye malaman gona, kuma can shekaru ake yi, ana shiga gona da takalmin roba. Wannan horo ne, sunan ya dace da shi.

Abin da ke damuna shi ne wanda laifin ke faɗawa kansa. Ɗan yayata ya halarci irin wannan taro kan kiwon kaji, ya dawo da takarda da murna, uwarsa ta ciro kuɗin adashinta aka sayo 'yan tsaki. An gaya masa suna son ɗumi, amma ba wanda ya taɓa nuna masa cewa in sun cure wuri ɗaya sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa. Kafin mako biyu yawancinsu sun mutu. Unguwa ta ce ai an horar da shi, sakaci ne irin na yaran yanzu. Ni na san yaron, kwana yake yi a bakin akurkin.

Yanzu yana wajen wani mai gonar kaji a bayan gari, yana share kashin kaji, yana auna abinci, yana riƙe tsaki ana ɗiga masa rigakafi. Watansa biyar ke nan, kuma har yau maigidan bai bar masa 'yan tsaki shi kaɗai da dare ba.