George Steinbrenner da Ƙungiyar New York Yankees

George Michael Steinbrenner III attajiri ne ɗan Amurka wanda ya mallaki ƙungiyar wasan besbol ta New York Yankees daga 1973 har rasuwarsa a 2010. An haife shi ranar 4 ga Yuli, 1930 a jihar Ohio, ya rasu a Tampa ta jihar Florida ranar 13 ga Yuli, 2010, yana da shekara 80. A ƙarƙashinsa Yankees ta lashe kofin World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na babbar gasar besbol ta Amurka, sau 7, ta kai wasan ƙarshen sau 11. Ana tuna shi da zuba kuɗi wajen sayen 'yan wasa, da korar masu horarwa ba ƙaƙƙautawa, da kuma gane wa idonsa tun da wuri cewa arzikin ƙungiyar wasa yana cikin akwatin talabijin fiye da tikitin ƙofa. Zamaninsa ya zo daidai da lokacin da besbol ke rasa matsayinta na wasan da Amurkawa suka fi so, duk da cewa kuɗin da ke shiga harkar sai ƙaruwa yake yi.

Asali

Gidansu gidan jiragen ruwa ne. Mahaifinsa, Henry, shi ke tafiyar da kamfanin Kinsman mai jigilar tama da hatsi a manyan tafkunan arewacin Amurka. George ya gama kwalejin Williams a 1952, ya yi aikin sojan sama, ya taɓa mataimakin koci na ƙwallon Amurka (American football, mai kama da rugby) a jami'o'in Northwestern da Purdue, sannan ya koma sana'ar gado, har ya zama shugaban kamfanin ƙera jiragen ruwa na American Ship Building. Ƙungiyar wasa ta farko da ya riƙe ta ƙwallon kwando ce, Cleveland Pipers, a farkon shekarun 1960, kuma ta durƙushe ta bar shi da bashi.

Sayen Yankees

Besbol wasa ne na mutum tara-tara. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya make ta da kulki, sannan ya zagaya tashoshi huɗu da gudu kafin a mayar da ita. Babbar gasar Amurka tana da ƙungiyoyi 30 a yau, kowace tana buga wasa 162 a kaka, kuma babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafar Turai. Ko ƙungiya ta zo ta ƙarshe, kujerarta na nan. Wannan ya sa mallakar ƙungiya ta zama kadarar da da wuya ta lalace.

Duk da haka, Yankees ɗin da Steinbrenner ya tarar ta sha jiki. Ƙungiyar da Babe Ruth da Joe DiMaggio da Mickey Mantle suka ɗaukaka ta faɗa hannun gidan talabijin na CBS a 1964, daga nan kuma ta yi ta ja da baya. A kakar 1972 'yan kallon da suka shiga filinta ba su kai miliyan ɗaya ba, abin da rabon a gani tun 1945. A watan Janairun 1973 Steinbrenner da abokan jarinsa suka saye ta a kan kusan dala miliyan 10, ƙasa da abin da CBS ta biya. Ya shaida wa 'yan jarida a ranar cewa ba zai tsoma baki a harkokin yau da kullum ba, zai ci gaba da ƙera jiragensa. Babu alƙawarin da ya karya da sauri kamar wannan.

Kasuwar 'yan wasa

Sa'arsa ita ce ya shigo a daidai gaɓar da dokar ɗaukar 'yan wasa ke rushewa. Kusan shekara ɗari ɗan wasa ya kasance mallakin ƙungiyarsa, ba shi da ikon sauya sheƙa ko da kwantiraginsa ya ƙare. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a ƙarƙashin Marvin Miller ta yi ta fafutika, har a watan Disambar 1975 mai sasanci Peter Seitz ya yanke hukuncin da ya buɗe ƙofa. Yawancin masu ƙungiyoyi sun ɗauki hukuncin a matsayin masifa. Steinbrenner ya ɗauke shi a matsayin kasuwa ta ci.

Tun kafin hukuncin ma, a ranar ƙarshe ta 1974, Yankees ta ɗauko mai jifa Catfish Hunter a kan sama da dala miliyan 3 na shekara biyar. A ƙarshen 1976 aka kawo Reggie Jackson a kan kusan dala miliyan 3. Shekara guda bayan haka, a wasa na shida na World Series da Los Angeles Dodgers, Jackson ya fitar da ƙwallo daga fili sau uku, bugun da ke ba da maki kai tsaye, kowane bugu a jifan farko, kuma daga hannun masu jifa uku daban-daban. Yankees ta ɗauki kofin 1977, ta sake ɗauka a 1978. Nan take sauran attajirai suka fahimci cewa ana iya sayen kofi da tsabar kuɗi, ko aƙalla haka abin ya yi kama a lokacin.

Maigida da ma'aikatansa

Laƙabinsa a New York shi ne Maigida, kuma ya cika shi har ya zarce. A kakar wasa 23 da ya fara yi ya sauya koci sau 20. Billy Martin shi kaɗai an ɗauke shi an rabu da shi sau biyar. A watan Yulin 1978, cikin fushi, Martin ya ce wa 'yan jarida game da Jackson da Steinbrenner: ɗayansu da ƙarya aka haife shi, ɗayan kuma kotu ta kama shi da laifi. Washegari ya ajiye aiki yana hawaye, bayan 'yan kwanaki kuma aka sanar a gaban 'yan kallo cewa zai dawo.

Koci Dick Howser ya ci wasa 103 a 1980, amma da ƙungiyar ta faɗi a zagayen kusa da na ƙarshe sai aka raba shi da kujerarsa. Wanda ya fi ɗaukar abin da zafi shi ne Yogi Berra, gwarzon ƙungiyar tun shekarun 1950. An sallame shi bayan wasa 16 kacal a 1985, kuma Maigida bai yi masa karar faɗa masa da bakinsa ba, ɗan aike ya tura. Berra ya yi rantsuwa ba zai sake taka filin Yankees ba. Shekara 14 ya yi yana riƙe da rantsuwar, sai a 1999 da Steinbrenner ya taka har New Jersey ya ba shi haƙuri.

Har gashin kan 'yan wasa sai da ya sa wa doka. Daga tsakiyar shekarun 1970 babu barin gemu, babu gashin da ya wuce wuyan riga, gashin baki ne kawai aka yarje.

A gefe guda kuma mutum ne mai buɗaɗɗen hannu. Yakan mayar da waɗanda ya kora cikin jerin masu karɓar albashi da sunan masu ba da shawara, kuma a 1982 ya kafa gidauniyar Silver Shield don biyan kuɗin karatun 'ya'yan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da suka mutu a bakin aiki.

Dakatarwa biyu

Laifin da Martin ya yi masa gori a kai na gaske ne. A 1974 Steinbrenner ya amsa laifin ba da gudummawar kuɗi ta haramtacciyar hanya ga yaƙin neman zaɓen Shugaba Richard Nixon. Kwamishinan besbol Bowie Kuhn ya dakatar da shi shekara biyu, daga baya aka rage zuwa wata 15. Shugaba Ronald Reagan ya yi masa afuwa a watan Janairun 1989.

Ta biyun ta fi muni. A ƙarshen 1980 ya ba Dave Winfield kwantiragin shekara goma na kusan dala miliyan 23, mafi tsada a lokacin, sannan suka sa ƙafar wando ɗaya. Rigimar ta kai shi ga biyan wani ɗan caca, Howard Spira, dala 40,000 don ya tono masa asirin Winfield. Ranar 30 ga Yuli, 1990 Kwamishina Fay Vincent ya haramta masa tafiyar da ƙungiyar. Labarin ya isa filin Yankees ana tsakiyar wasa, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafi. Ba su yi don rashin dalili ba: rabon ƙungiyar da kofi tun 1978, a kakar 1990 kuma ita ce ta ƙarshe a rukuninta, ta ci wasa 67 ta sha kashi a 95. Shekaru goma Maigida ya yi yana musanya matasan da ƙungiyar ta raina da tsofaffin taurari waɗanda ƙarfinsu ya fara ƙarewa.

Dakatarwar ta zame wa Yankees gobarar Titi. Da babu mai tsawa a kansu, babban manaja Gene Michael da koci Buck Showalter suka samu sararin riƙe yaransu. Bernie Williams, Andy Pettitte, Jorge Posada, Mariano Rivera da Derek Jeter duk a gida aka raine su. Steinbrenner ya dawo a watan Maris na 1993 ya tarar da tukunya a kan wuta, kuma a wannan karon ya ɗan yi haƙuri ta nuna. A ƙarƙashin koci Joe Torre aka ɗauki kofi a 1996, 1998, 1999 da 2000, a 1998 ma wasa 114 suka ci. Masu sukarsa ba sa gajiya da nuna cewa ƙungiya mafi ƙarfi a zamaninsa an aza harsashinta ne lokacin da ba ya nan. Maganar tasu gaskiya ce, sai dai kuɗinsa ne suka hana wasu ƙungiyoyi ƙwace yaran bayan sun yi suna.

Kuɗin talabijin

Inda babu mai ja da basirarsa shi ne fannin ciniki. A 1988 ya sayar wa tashar MSG ikon nuna wasannin Yankees na shekara 12 a kan dala miliyan 486, adadin da ya girgiza takwarorinsa. A 1997 ya ƙulla tasa yarjejeniyar da Adidas ba tare da sahalewar hukumar gasar ba, har aka je kotu. A 2002 ya rabu da MSG, ya buɗe tashar ƙungiyar ta kanta mai suna YES, wadda ke karɓar kuɗi kai tsaye daga kamfanonin da ke kai tashoshi gidajen mutane. Manyan ƙungiyoyi da dama sun bi sahu. Sunan Yankees ya zama haja, har hular nan mai harafin N da Y a haɗe ta kai kasuwannin Kano da Yamai, a kan samarin da ba su taɓa ganin an buga besbol ba. A 2001 ma ƙungiyar ta ƙulla ƙawancen talla da Manchester United.

Giɓin da wannan ya haifar ya yi yawa. A 2005 albashin 'yan wasan Yankees ya haura dala miliyan 200. A 2006 abin da Alex Rodriguez ke karɓa shi kaɗai ya fi na dukkan 'yan wasan Florida Marlins. Harajin da gasar ta ɗora wa masu kashe kuɗi fiye da ƙima daga 2003, kowa ya san wa aka nufa da shi. Kuɗin kuma ba su hana kunya ba: daga 2001 zuwa 2008 babu kofi ko ɗaya, a 2004 kuma abokiyar gabarsu Boston Red Sox ta farfaɗo bayan an ci ta wasa uku a jere, ta fitar da su. Kofin ƙarshe ya zo a 2009, a sabon filin da aka buɗe a shekarar, lokacin jikin Maigida ya riga ya yi rauni.

Matsayin besbol a Amurka

A 1948 kashi 39 cikin ɗari na Amurkawan da cibiyar Gallup ta tambaya sun ce besbol ce wasan da suka fi son kallo. A 1972, shekara guda kafin Steinbrenner ya shigo, ƙwallon Amurka ta sha gabanta, kuma ba ta sake karɓar kambun ba. A 2017 adadin ya sauko zuwa kashi 9. Wasan ƙarshe na 1978 tsakanin Yankees da Dodgers ya tara masu kallo kusan miliyan 44 a kowane dare. Na 2023 miliyan 9 da ɗoriya ya samu. Da ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a 2024, adadin bai kai miliyan 16 ba, kuma an yi murna da shi.

Dalilan suna da yawa. Yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya sa aka soke World Series karon farko tun 1904, abin da ya ɓata ran magoya baya ƙwarai, musamman na Yankees da ke kan gaba a ɓangarensu a kakar. Badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari ta biyo baya. Wasan kansa ya yi ta tsawo har ya wuce awa uku. Amma akwai wani dalili da ke da alaƙa da tafarkin Steinbrenner kai tsaye. Da kowace ƙungiya ta koma dogaro da tashar yankinta da ake biya kafin a kalla, sai besbol ta zama wasan gari-gari: mutumin New York na bin Yankees kullum, amma ranar da aka fitar da ita ya kashe talabijin. Hakan bai hana filaye cika ba, don a 2007 mutum sama da miliyan 79 suka sayi tikiti, mafi yawa a tarihi, Yankees kaɗai tana haura miliyan 4 a shekara. Abin da aka rasa shi ne hirar da ta taɓa haɗa ƙasar baki ɗaya.

A 2023 gasar ta sa agogo a kan mai jifa, daƙiƙa 15 in babu kowa a tasha. Tsawon wasa ya sauko zuwa kusan awa biyu da minti 40, masu shiga fili kuma suka sake haura miliyan 70. A waje kuwa, musamman Japan, Koriya ta Kudu, Jamhuriyar Dominika da Venezuela, farin jinin wasan bai yi sanyi ba. Hideki Matsui, wanda Steinbrenner ya ɗauko daga Yomiuri Giants, shi ne gwarzon wasan ƙarshe na 2009.

Bayan rasuwarsa

Ɗansa Hal ne ya karɓi ragama tun 2008. Mujallar Forbes ta ƙiyasta darajar ƙungiyar a dala biliyan 1.6 a shekarar da mahaifin ya rasu, zuwa 2023 kuma ta haura biliyan 7. Iyalin sun shiga ƙwallon ƙafa, suna da hannun jari a New York City FC tare da masu Manchester City, da kuma a AC Milan. Hal ya fi mahaifinsa taka-tsantsan da aljihu, kuma salon Maigida ya koma gidan maƙwabta: a ƙarshen 2024 mai New York Mets, Steve Cohen, ya ɗauke Juan Soto daga Yankees a kan dala miliyan 765. A watan Fabrairun 2025 aka sassauta dokar gemu. An gabatar da sunan Steinbrenner ga kwamitin zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown fiye da sau ɗaya, bai samu ƙuri'un da ake buƙata ba. Marvin Miller, wanda ya buɗe kasuwar da ya ci moriyarta, an zaɓe shi a 2019.