Allurar gaɓoɓin ƙashin baya

Allurar gaɓoɓin ƙashin baya wata hanya ce da likitoci ke zuba magani kai tsaye cikin ƙananan mahaɗan da ke bayan ƙashin baya, ko kan jijiyoyin da ke kai musu, domin gano tushen ciwon ƙugu ko rage shi. Likitoci na kiran waɗannan mahaɗai faset. Ƙasusuwan ƙugu biyar ne, kuma kowanne yana haɗuwa da na ƙasansa ta gaɓa biyu, dama da hagu. Su ke ba mutum damar sunkuyawa da miƙewa, su ne kuma ke hana ƙugu murɗewa fiye da kima. Idan guringuntsinsu ya zaizaye saboda tsufa, amosanin gaɓɓai ko rauni, ciwo kan zauna a ƙugu ya sauka ɗuwawu da bayan cinya, amma ba kasafai yake wuce gwiwa ba.

Likitan ƙashi Joel Goldthwait na Amurka ne ya fara ɗora alhakin ciwon baya a kan waɗannan gaɓoɓi a 1911. A 1976 likitoci biyu, Mooney da Robertson, suka wallafa aikinsu na yi wa gaɓoɓin allura ta hanyar kallon hoton eksire, daga nan aikin ya bazu.

Majinyaci kan kwanta ruf da ciki, a wanke fatar wurin, a kashe ta da allura. Likita na bin hoton eksire mai motsi, ko na'urar sikanin, har bakin allura ya shiga gaɓar, sannan ya ɗiga ruwan da ke fitowa a hoto don ya tabbatar bai kauce ba. Gaɓar ƙarama ce ƙwarai, abin da take ɗauka bai wuce mililita 1 zuwa 2 ba. Maganin yawanci haɗi ne: mai kashe zafi irin su lidoken, da sitiroyid mai rage kumburi. A ranar ake sallamar mutum.

Ana muhawara kan amfanin wannan allura. A matsayin gwaji tana da ƙima, domin hoto kaɗai ba ya nuna gaɓar da ke ciwo. Mutane da yawa gaɓoɓinsu sun zaizaye amma lafiyarsu ƙalau. Idan aka kashe jijiyar gaɓa ciwon ya ɗauke na wasu sa'o'i, an sami abin zargi. A matsayin magani kuwa, hujjarta ba ta da ƙarfi. A binciken da Carette da abokan aikinsa suka yi a Kanada, wanda aka buga a 1991, waɗanda aka yi wa sitiroyid ba su fi waɗanda aka yi wa ruwan gishiri samun sauƙin a zo a gani ba bayan wata ɗaya da wata uku. Hukumar NICE ta Ingila, mai ba likitoci shawara kan hanyoyin magani, ta ce a 2016 kada a riƙa yin allurar ƙashin baya don ciwon ƙugu zalla. Abin da ta amince da shi shi ne allurar gwaji a kan jijiya, idan ta yi aiki sai a ƙona jijiyar da zafin lantarki. Ko wannan ɗin ma jijiyar kan sake tofowa.

Illolinta yawanci ƙanana ne, kamar tsamin wurin na 'yan kwanaki. Mai ciwon suga sukarinsa kan hau bayan sitiroyid, mai shan maganin tsinka jini kuma sai likita ya san da haka tukuna. Ana guje wa eksire ga mai ciki. Shigar ƙwayar cuta ba ta cika faruwa ba, amma idan ta faru babbar matsala ce.

Ba kowane ciwon ƙugu ake yi wa wannan allura ba. Idan yana tafe da zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, wani binciken ake fara yi. A ƙasashe irin Nijeriya da Nijar, inda tarin fuka ke da yawa, likita kan fara tabbatar da cewa cutar ba ta kama ƙashin baya ba, domin sitiroyid na raunana garkuwar jiki.