Ma'anar "ya cije" a bakin makanikai, da abin yi idan amortisar baya ta ƙi fita

In ka saba zama a garaji ba za ka rasa jin yaro daga ƙarƙashin mato yana cewa "Maigida, wannan fa ya cije" ba. Wasu a nan Damagaram sai su ce ya giripe, duk abu guda ne: bulon ko noti ya ƙi juyawa, ko kuma ya juya amma ya ƙi barin mazauninsa, ka sa kile ka ja iya ƙarfinka ko gezau. Yanzu da mutane da yawa ke sayen amortisa, abin nan da ke shanye gargadar hanya a ƙafar mato, wadda 'yan Najeriya ke ce ma shokozoba, su ce bari su canza da kansu a ƙofar gida, kalmar ta fito daga garaji ta shiga bakin kowa. Sai dai kalmar guda ce amma ciwon da take nufi ba guda ba ne, kuma yawancin ɓarnar da nake gani daga nan take farawa, mutum bai tsaya ya gane wace irin cijewa ce ba ya ɗauko bututun ƙarfe ya zura ma kile ya hau da ƙafa.

Wani zai ce to mu da ruwan samanmu bai wuce wata uku ba, ina tsatsa ta samu wurin zama? Ai ba a nan ta kama ba. Manyan motocin nan namu irin su Highlander, RX300, X-Trail da Forester, waɗanda bayansu amortisa da sifirin a haɗe suke abu guda, akasarinsu ta Kwatano ko Lome suka shigo bayan sun yi shekaru a Turai ko Amurka ko Kanada, inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan bayan mato yake taruwa, ya shige tsakanin bulon da ramin da yake ciki ya kwanta. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, ninki biyu ko ma fiye, sai ta kumbura ta cike ɗan sararin da ke tsakani. Mato ta iso nan ta bi hanyar Tanut ko ta Magarya, jar ƙasa da ƙura su ƙara toshe bakin, shi ke nan.

Cijewa ta farko mai sauƙi ce, tsatsa a kan zaren bulon. Ka kankare da buroshin ƙarfe har zaren ya fito, ka fesa man kwance tsatsa irin su WD-40, in babu gazuwal ma yana ɗan taimakawa, ka bar shi ya kwana in da hali. Man birki da wasu ke zubawa ni ba na so, yana cin fenti. Ka nemi kile mai kusurwa 6 daidai da notin, in 19 ne 19, in 22 ne 22, kar ka sa mai kusurwa 12 ko wanda ya sha jiki don shi ke murje kan noti ya koma kamar ƙwallo. Ka fara ɗan ɗaurewa tukuna har ka ji ya yi ƙas, sannan ka kwance kaɗan, ka mayar, ka kwance, kana ƙara mai.

Ta biyu ba cijewa ba ce ma tsakani da Allah, nauyi ne ya danne bulon ɗin, kuma ita ce aka fi yi wa kuskuren fahimta. Ka ɗaga gefe guda na mato, taya ɗaya na rataye ɗaya na ƙasa, sandar nan da ta haɗa hagu da dama don hana mato tangaɗi ta murɗe tana ja, sifirin kuma yana turo ƙafar ƙasa, to dole bulon ya matse a raminsa ko da sabo ne fil. Alamarta noti ya fita lafiya lau, bulon yana juyawa da kile amma ya ƙi zamewa. Maganinta ba guduma ba ne. Ka ɗaga bayan mato duka biyu ka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe na tsayar da mato, sannan ka sa jak a ƙarƙashin hannun ƙafar, wato ƙarfen da ke haɗa taya da jikin mato, ka ɗaga a hankali, kaɗan kaɗan kana taɓa bulon, akwai wurin da za ka kai ramukan su daidaita ka ga ya zaro da yatsu biyu.

Kuma don Allah ɗan'uwa kar ka shiga ƙarƙashin mato tana kan jak kaɗai, balle kan bulon siminti, bulo fashewa yake yi ba ya sallama. Ƙasarmu rairayi ce, ka sa katako mai faɗi a ƙarƙashin ƙafafun, ka tare tayoyin gaba da dutse.

Ta uku ita ce cijewar gaske, ita ce mai sa mutum ya wuni a wuri guda. A hannuwan ƙafar baya, da gindin amortisa a motoci irin su RAV4 da CR-V, bulon ba cikin ƙarfe zalla yake wucewa ba, akwai roba mai kauri wadda makanikanmu ke ce ma silambulok, a tsakiyarta kuma akwai ɗan bututun ƙarfe, ta cikinsa bulon ke bi. Idan tsatsa ta haɗe bulon da bututun nan sun zama ƙarfe guda. Ga yadda za ka gane: noti ya fita, ka sa kile a kan bulon ka ja, ya ɗan biyo ka kamar zai juya, kana saki ya koma inda yake. Ba bulon ne ya juya ba, robar ce ta murɗe ta dawo. Ka buga da guduma ka ji sautin ya mutu, dum dum, babu ƙarar ƙarfe, saboda robar na shanye bugun. A nan ne mutane ke ta duka har kan bulon ya baje ya yi fure, ya zama ko ya saki ba zai wuce ramin ba, ko kuma kunnuwan da ke riƙe da hannun su lanƙwashe. In za ka buga to ka mayar da noti ya yi daidai da bakin bulon ka buga a kansa, wani kuma ya tokare ɗaya gefen da babbar guduma don bugun ya shiga ƙarfe. Ka ba shi mai, ka ba shi lokaci, ka gwada juya shi gaba da baya. In robar ta yage bututun ya fara juyawa tare da bulon, ka daina wahalar da kanka, an wuce wurin. Abin da ya rage a yanka bulon ta gefe biyu na robar da zarto ko injin yankan ƙarfe, a fitar da hannun, a sa sabuwar roba da sabon bulon. Ni a ganina wannan ba kasawa ba ce, ya fi arha nesa a kan ka lalata wurin da ke jikin mato. Shi ya sa kafin ka fara aikin ya kamata ka zaga wajen masu kayan mato ka tabbatar akwai bulon da robar irin taka, kar ka yanka sannan a ce sai an aiko daga Kano ko Yamai. Sabon bulon kuma ka duba lambar da ke kansa, in na asali 10.9 ne kar ka karɓi 8.8, balle wanda ba lamba ko ɗaya.

Sai maganar wuta. Gaskiya ne in mai walda ya gasa noti yana buɗewa ya saki, amma bayan mato ba wurin wasa da wuta ba ne, tankin mai na nan kusa, ga tiyon birki, ga wayar na'urar birki ta ABS, ga man da ka fesa wanda shi ma yana kamawa. Jikin amortisa kuwa ba a gasa shi ko kaɗan, mai ne da iskar gas a matse a ciki, tana iya fashewa a fuskar mutum. Kuma wuta ba ta kai wa ga bututun da ke cikin roba sai ta ƙone robar.

Akwai ƙaramin da ke ba mutane haushi, ɗan guntun ƙarfen da ke haɗa amortisa da sandar tangaɗi, ka juya noti sai ƙwallon ciki ya riƙa juyawa tare da shi. Wannan ma ana ce masa ya cije alhali juyawa ma yake yi fiye da kima. Ka leƙa bakin bulon, yawanci akwai rami na kile alen, ka share ƙasar da ta toshe shi da ƙusa sosai kafin ka zura, ka riƙe ka kwance.

Noti guda ne nake roƙon kowa kar ya taɓa ko ya cije ko bai cije ba, wato babban na tsakiya a saman amortisar da ke haɗe da sifirin. Shi ke riƙe da sifirin a matse, sifirin ɗin da ke ɗauke da kusurwar mato guda. Ka kwance ƙananan da ke kewaye da shi, ka fitar da amortisa da sifirinta a haɗe, in ba ka da abin matse sifirin na ƙwarai ka ɗora ta a babur ka kai garaji su sauya maka. Igiya da waya da wasu ke ɗaurewa da su sun karya hannuwa da haƙora.

Wajen mayarwa, ka shafa giris a jikin bulon inda zai zauna cikin bututu, zaren kuma ka bar shi da tsabta. Duk bulon da ya bi ta cikin roba kar ka ɗaure shi tamau mato na rataye, ka bari sai nauyinta ya sauka a kan ƙafa, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. A canza hagu da dama tare, sannan a kai a duba saitin tayoyi, don gindin amortisa irin wannan da shi taya ke tsayuwa daidai.