Me ya sa ake son ɗaliban fiziks su rubuta manhajar kwaikwayo da hannunsu?

Wai mece ce manhajar kwaikwayo?

Manhaja ce da ake ɗora wa dokokin motsi, ita kuma ta nuna a allon kwamfuta yadda abu zai yi tafiya: dutsen da aka saki cikin rijiya, lilo, ko wata yana kewaya duniya. Akwai waɗanda aka riga aka gama, kamar PhET da Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002, shekara guda bayan ya samu kyautar Nobel. Kyauta ake amfani da ita.

Tunda akwai ta kyauta, me zai sa ɗalibi ya wahalar da kansa?

Saboda kwamfuta ba ta karɓar hadda. A jarrabawa, yaro zai iya haddace ƙa'ida ya zuba lambobi ya ci maki bai san me ya yi ba. Kwamfuta kuwa sai ka faɗa mata komai dalla-dalla.

Ɗauki rijiya mai zurfin mita 20. Ƙarfin da ƙasa ke janyo abubuwa da shi yana ƙara wa dutse gudun mita 9.8 a sakan, duk bayan sakan guda. Ɗalibi zai yanka lokaci ƙanana-ƙanana, a ce kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. A kowane yanki ya matsar da dutsen gwargwadon gudun, ya ƙara wa gudun 0.098, ya sake. Bayan maimaici kusan 200, dutsen ya taɓa ruwa, wato sakan 2 da 'yar ɗoriya. Wanda ya rubuta wannan da kansa ba zai ƙara rikita gudu da ƙaruwar gudu ba, kuma a ganina wannan kaɗai ya biya wahalar.

In manhajar ta ba da amsar banza fa?

Nan ma karatun yake. Wannan dabara ta taki-taki ta masanin lissafi Leonhard Euler ce, tun ƙarni na 18, kuma tana da aibi. In aka kwaikwayi lilo da ita yadda take, sai lilon ya riƙa ƙara nisa ba wanda ya tura shi. Ɗalibin da ya ga haka dole ya tambayi kansa: daga ina wannan ƙarfin ya fito? Gyaran ɗan kaɗan ne: a fara sabunta gudu, sannan a matsar da lilon da sabon gudun, ba tsohon ba. Masanin fiziks Alan Cromer ya yi bayanin dalilin a 1981.

Ɗalibi ya taɓa gina abin da ya amfani wasu?

Ƙwarai. David Scherer yana ɗalibi a Jami'ar Carnegie Mellon ya ƙirƙiro VPython, manhajar da ake rubuta irin wannan kwaikwayo da ita, a 2000, tare da malamai Ruth Chabay da Bruce Sherwood. Har yau ana koyar da fiziks da ita.

Sai da kwamfuta mai tsada?

A'a. VPython tana aiki a burauza, lissafin rijiyar nan kuma ko a Excel zai yiwu.

To za ta maye gurbin ɗakin gwaji?

Ba za ta maye ba, domin abin da ka gaya mata kawai ta sani. In ba ka sa turjiyar iska ba, gashin kaza da dutse tare za su faɗi a allonka. Shi ya sa nake son ɗalibi ya ɗauki agogon waya ya je bakin rijiyar, ya saki dutsen, ya gwada da abin da manhajarsa ta ce.