Ajiye motar RV a gida a Florida: abin da dokar 2023 ta ba ka da wanda ba ta ba ka ba

Tun da jihar Florida ta Amurka ta gyara dokar ƙungiyoyin masu gidaje a 2023, maganganu biyu ke ta yawo tsakanin masu neman sayen gida, har da 'yan'uwanmu mazauna can. Wasu na cewa ai yanzu ba mai hana ka ajiye RV ɗinka a ƙofar gida, wato babbar motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki. Wasu kuma na tsorata mutane cewa da zarar ka ajiye ta, ƙungiyar unguwa za ta ci ka tara har ta raba ka da gidan. Duka biyun ba haka suke ba, kuma wanda ya biya kuɗin gida a kan magana ta farko shi zai fi ji a jikinsa.

A unguwanni da yawa na Amurka, sayen gida yana nufin shiga ƙungiyar masu gidaje da ake kira HOA, ko kana so ko ba ka so. Sharuɗɗanta suna rubuce a rajistar filaye ta ƙaramar hukuma, suna bin gidan daga mai shi zuwa wanda ya saya. Galibinsu sun daɗe da hana ajiye RV da kwalekwale.

Sashe na 720.3045 na dokokin Florida, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 2023 bayan Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu, ya ce ƙungiya ba za ta hana mai gida ko ɗan haya ajiye kaya a filinsa ba, har da RV, matuƙar ba a hango kayan daga gaban gidan ko daga filin maƙwabci. A 2024 aka ƙara wurare biyu da ba a so a hango kayan daga gare su: filin da jama'ar unguwa suka yi tarayya a kansa, idan yana maƙwabtaka da kai, da filin wasan golf na unguwar. Masu gidajen condo, wato gidajen da ke cikin gini ɗaya kowa da nasa sashe, ba sa ciki, dokarsu daban ce.

To duk rikicin yana kan wannan sharaɗi na hangowa. Babbar RV takan kai ƙafa 12 zuwa 13 a tsaye, shingen bayan gida kuwa galibi ƙafa 6 ake yarda da shi. Ke nan ko ka kai ta bayan gida, rabinta na sama a fili yake ga maƙwabcin dama da na hagu. Idan gidan maƙwabcin bene ne, abin ya ƙara cakuɗewa, domin dokar ba ta fayyace ko daga ƙasa ake dubawa ko daga tagar sama ba. Idan kuma ka ce za ka ɗaga shinge ko ka gina mata rumfa, wannan gini ne, sai kwamitin ƙungiyar ya amince, sau da yawa ma sai da izinin hukumar gari. A ganina nan ne dokar ta gaza. Mai babban fili da bishiyoyi ko gareji mai tsayi ya samu 'yanci, amma mai ƙaramin fili, wanda shi ne ya fi jin nauyin kuɗin hayar wurin ajiya duk wata, an ba shi da hannun dama an karɓe da na hagu.

Akwai masu kafa hujja da gyaran 2024 da ya hana ƙungiyoyi korar motar hawa, har da a-kori-kura, daga hanyar shiga garejin mai gida. Gaskiya ne an yi wannan gyara, amma kada ka ɗauka ya buɗe wa RV ƙofar gida. Sashen da ya ambaci RV da sunanta shi ne mai sharaɗin kada a hango ta.

Sannan sashen ya faɗa ƙarara cewa bai ture dokar gari ba. Birnin Hialeah, alal misali, ya tsananta ƙa'idar ajiye RV a gidaje a 2024, saboda yadda ake mayar da su ɗakunan haya a bayan gida. Ko unguwar da ba ta da HOA sam, dokar birni ko ta ƙaramar hukuma tana nan. Haka kuma lauyoyin wasu ƙungiyoyi na jayayya cewa sabuwar doka ba ta hau kan tsoffin sharuɗɗan da aka rubuta kafin ta ba, sai idan takardun sun ce suna bin doka da duk gyaran da za a yi mata nan gaba. Mai saye ya sa lauya ya duba masa wannan jimla.

Batun tara kuwa, an zuzuta shi fiye da kima. Sashe na 720.305 ya ƙayyade cewa tara ba za ta wuce dala 100 a kan kowane laifi ba, in dai takardun ƙungiyar ba su ce wani abu daban ba. Idan laifin ya ci gaba ana iya lissafa ta kullum, amma jimilla ba za ta wuce dala 1,000 ba, sai idan takardun ƙungiyar sun tanadi fiye da haka. Tarar da ba ta kai dala 1,000 ba, ba a ɗora ta a kan gida a matsayin bashin da zai kai ga gwanjo. Kuma ba a cin ka tara haka kawai: sai an ba ka sanarwar aƙalla kwana 14, an saurare ka a gaban kwamiti na mutum uku ko fiye waɗanda ba shugabannin ƙungiyar ba ne, ba ma'aikatanta ba, ba kuma matansu ko 'ya'yansu ko 'yan'uwansu na jini ba. Idan kwamitin bai amince ba, tarar ta faɗi. Idan ka ɗauke motar kafin zaman, ba tara.

Wannan ba ya nufin a yi sakaci. Abin da ya fi kai gida gwanjo shi ne ƙin biyan kuɗin ƙungiya na wata-wata, don haka duk fushin da kake yi a kan RV, kada ka riƙe wannan kuɗi. Idan kuma rigimar ta kai kotu, wanda ya sha kaye shi ke biyan lauyan ɗaya ɓangaren, kuma wannan kan ninka tarar sau da yawa.

Dillali zai iya rubuta a talla cewa gida yana da wurin RV, alhali abin da yake nufi kawai akwai daɓen siminti a gefe. Doka ta wajabta a ba mai saye takardar bayanin ƙungiya kafin ya sa hannu. Idan ba a ba shi ba, yana da kwana 3 bayan ya karɓe ta ya fasa cinikin, muddin ba a riga an kammala ba. Sai dai takardar taƙaitacciya ce, ba za ta gaya maka hukuncin RV ba. Nemi cikakkun sharuɗɗan, ka tambayi ofishin tsara gari a rubuce, ka auna faɗin ƙofar gefe da tsayin motarka har da na'urar sanyaya ɗaki da ke kanta, sannan ka roƙi maƙwabta su bar ka ka duba bayan gidan daga nasu filin kafin ka biya kafin-alƙalami.