Wa ke da ikon zaɓar launin shingen gidanka a Amurka?

A unguwanni da yawa na Amurka, mutum yana iya mallakar gida da kuɗinsa amma bai isa ya shafa wa shingensa launin da ya ga dama ba. Masu wannan iko su ne ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda ake kira HOA. Ba hukumar gwamnati ba ce, kuma shigarta ba zaɓi ba ne. Tun kafin a sayar da gida na farko, kamfanin da ya gina unguwar yake rubuta kundin sharuɗɗa, wato CC&R, ya yi masa rajista a ofishin filaye na gunduma. Sharuɗɗan manne suke da filin. Duk wanda ya sayi gidan ya gaje su, ko ya karanta ko bai karanta ba. Kotuna ma da wuya su rushe su: a shari'ar Nahrstedt ta 1994, kotun ƙolin Kalifoniya ta ce ana ɗaukar sharaɗin da aka yi wa rajista a matsayin mai ma'ana, sai in mai gida ya tabbatar da akasin haka.

Sau da yawa kundin bai ambaci launi ba. Abin da yake cewa shi ne ba a canza kamannin waje sai da izinin kwamitin duba gine-gine. Jerin launukan yana cikin wata takarda daban ta ƙa'idojin kwamitin, kuma ba “ruwan ƙasa” ko “fari” kawai za ka gani ba, sunan kamfanin fenti ne irin su Sherwin-Williams ko Behr, da lambar launin. Wasu unguwannin sun hana fenti gaba ɗaya a kan shingen katako, sai man nan da katako ke sha ya bar zanen itacen a bayyane. Wasu kuma fuskar da ke kallon titi kaɗai ta dame su, ta cikin tsakar gida taka ce. Ka kuma duba taswirar filinka, don shingen da ke bakin babban titi yakan zama na ƙungiya, wanda ke kan iyaka kuma naka ne da maƙwabci.

Neman izinin ba shi da wuya. Ka cike fom, ka rubuta lambar launi, ka haɗa da hoton shingen da ɗan katin samfuri, ka ajiye shaidar ranar da ka miƙa. Ranar tana da amfani, domin wasu kundayen sun ce in kwamiti ya yi shiru har kwana 30 ko 45 ya zama ya amince, wasu kuma sun ce shirun ƙi ne. Inda aka fi faɗawa rami shi ne dogaro da baki: shugaban ƙungiya ya ce maka “ba komai, shafa abinka”, bayan shekara a zaɓi sababbin shugabanni, ba ka da takarda ko ɗaya. Na biyu shi ne kwaikwayon maƙwabci, alhali wataƙila shi ma tara yake biya, ko kuma an cire launinsa daga jeri bayan ya shafa. Launi ɗaya kuma yakan fito daban a kan sabon katako da tsoho, don haka a gwada a kan falanki guda, a bari ya bushe, a duba shi da rana. Shingen roba kuwa, fenti mai duhu yana tara masa zafi har ya lanƙwashe, kuma garantinsa na iya faɗuwa.

In an riga an shafa, takardar gargaɗi ta iso, ƙungiyar ma akwai dokar jiha a kanta. A Fulorida, babi na 720 na dokokin jihar ya ce ikon kwamiti bai wuce abin da aka rubuta a kundi ko ƙa'idojin da aka wallafa ba, ko abin da hankali zai iya fahimta daga gare su. Kafin tara sai an ba ka sanarwar kwana 14, an saurare ka a gaban kwamitin aƙalla mutum uku da ba sa cikin shugabanni. Tarar ba ta wuce dala 100 a kowace rana, jimilla kada ta haura dala 1,000, sai in kundin ya faɗi wani adadi. A Tekzas, babi na 209 na dokar kadarori ya wajabta wasiƙa mai rajista da ba da lokacin gyara, kana da kwana 30 ka nemi zaman da za a saurare ka, kuma ba a yin gwanjon gida saboda tara kaɗai. Kalifoniya ta tilasta wa kwamiti ya ba da hukuncinsa a rubuce tare da dalilin ƙi, kuma tun 2025 tarar irin wannan laifi ba ta wuce dala 100.

A wurin zaman, “launin ya fi kyau” ba hujja ba ce. Ka tambaye su sashen da ka karya da ranar da aka kafa shi. In akwai gidaje masu launi irin naka da aka ƙyale, ka kai hotunansu da lambobin gidajen, domin alƙalai suna sauraron ƙorafin cewa an zaɓi mutum ɗaya an hukunta. Amma kada ka daina biyan kuɗin wata da ake biyan ƙungiya don fushi. Wannan bashin ana ɗora shi a kan takardar gidan, kuma yana iya kai wa ga gwanjo. In an je kotu, kundaye da yawa sun ɗora kuɗin lauya a kan wanda ya faɗi, kuma kuɗin ya ninka na sake fenti sau da yawa.