Ma'anar kwamfaila da kod mai ɗaukuwa

Kwamfaila manhaja ce da ke karɓar kod ɗin da mutum ya rubuta, a yaren C alal misali, ta mayar da shi umarnin da na'ura ke ganewa. Fitattu su ne GCC, Clang da MSVC ta Microsoft. Kod mai ɗaukuwa kuwa shi ne wanda kowacensu za ta karɓa, a Linux ko a Windows, ya ba da amsa iri ɗaya.

Inda ɗalibanmu na Makka, Madina da Jidda suka fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar C a matsayin abu guda. Ƙa'idojinsa sun sha sabuntawa: C89, C99, C11, C17, sai C23 da ta fito a 2024. Kowace kwamfaila tana da wadda take bi idan ba a zaɓa mata ba. GCC ta bi ta 1989, wato C89, har zuwa GCC 5 a 2015, sannan ta koma C11, GCC 15 kuma ta koma C23. Shi ya sa for (int i = 0; ...), wanda C89 ba ta yarda da shi ba, ke wucewa lafiya a kwamfutarka, amma tsohuwar saba (babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) mai GCC 4.8 ta ƙi shi. Tsohon kod ma bai tsira ba. An cire gets(), umarnin karanta rubutun da aka shigar, tun a C11 saboda ba ya duba tsawon abin da aka shigar. A C23 kuwa bool ta zama kalmar yaren kansa, don haka layin typedef int bool; da ya shekara ashirin yana aiki sai ya tsayar da komai.

Wannan da sauƙi, tunda kwamfaila za ta yi ƙorafi. Mafi muni shi ne wanda ya wuce shiru. Ɗauki lambar iƙama, wato katin zama a Saudiyya: alƙaluma 10 ce, tana farawa da 2. A Linux mai bit 64, long, wato nau'in ma'ajiyar lamba a C, tana da bait 8, lambar za ta shiga. A Windows kuwa bait 4 ce, iyakarta 2,147,483,647. Iƙamar da ta fara da 23 ko 24 ta zarce wannan iyaka, sai ta lalace a rumbun bayanai ba tare da kowa ya lura ba. Ka yi amfani da int64_t, mai bit 64 a ko'ina, daga fayil ɗin stdint.h, ko ma, abin da ya fi dacewa, ka adana ta a matsayin rubutu, tunda ba lissafi ake yi da ita ba.

Kada ka bar wa kwamfaila zaɓi. Rubuta -std=c11 -Wall -Wextra -pedantic a cikin Makefile, fayil ɗin da ke ɗauke da umarnin haɗa shirin, ka gwada da GCC da Clang duka kafin ka miƙa aiki. Idan aikin zai je MSVC, ka guji jerin da ake tantance tsawonsa lokacin da shirin ke gudana: C99 ta kawo shi, C11 ta mayar da shi na ganin dama, MSVC kuma ba ta karɓarsa. A nan malloc, mai ware wa jerin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, za ka kira.